Mukullin Durowar Tsakiya

Assalamu alaikum, Auta.

Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya sa ka sauka lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da sharrin mutum. Takardar nan na cusa ta ne a ƙasan jakarka, ƙarƙashin kuka da daddawa, don na san hannunka ba zai kai can ba sai ka isa Legas ka nemi abin miya. Da gangan na yi, ba na son ka karanta ina kallonka. Rubutun ka yi haƙuri da shi, na yaƙi da jahilci ne, kwana huɗu na yi ina fama. Labarin gida babu, yadda ka bar shi haka yake.

Ranar Talata da ka zauna a gindin darbejiya kana zana mini aikinka a ƙasa da tsinke, ka ɗauka ban gane ba don na yi shiru. Na gane. Ka ce duk wasiƙar da ma'aikatan kamfaninku suka aika ta kwamfuta, wadda kuke ce wa imel, akwai inda take zuwa ta kwanta, ko da mai ita ya goge tasa. Ka ce ana ajiye su ne don ranar rigima, ranar da wani zai ce bai faɗa ba. Ka ce mutum biyar ne ke kula da wajen, kai kuma aka ɗora wa rubuta abin da kowannensu zai iya yi. Wani nema kawai zai yi, wani ya karanta, wani ya kwafa ya fitar, wani ya goge, wani kuma ya ba wasu izini. Sai ka yi dariya ka ce Alhaji Sabo, manajan da ya samo maka aikin, ya kira ka a waya ya ce ka saka shi a sahun da ke iya yin komai, don kada ya riƙa damunka. Na ce maka kujerarsa ta kai nan? Ka ce, "A'a Inna, shi ɓangaren sayayya yake. Amma ai shi ya kawo ni." Ka ci gaba da shan furarka.

Ni tun ranar ban ƙara cin abinci da daɗi ba. Zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ka karanta har ƙarshe.

Ka tuna kabad ɗin ƙarfe na mahaifinka da ke zaure, mai durowa uku. Ya samo shi ne lokacin da aka yi jiha ana kwasar kayan ofisoshi zuwa Dutse, yana masinja, aka ce ya tsufa a yar. Ya ɗora shi a amalanke ya kawo ƙauye. Da yake ya iya boko ya iya ajami, mutane suka riƙa kawo masa takardunsu ajiya, don gara da ruwan sama ba sa barin takarda a ɗakin ƙasa. Durowar sama takardun gonaki. Ta tsakiya takardun aure da na saki. Ta ƙasa wasiƙun 'yan ci-rani da matansu ba sa son kowa ya gani. Kowacce da kwaɗonta. Mukullin sama yana aljihunsa. Na tsakiya yana wajen Liman. Na ƙasa yana wuyana. Magatakardan dagaci in ya zo duba takardar gona, Malam mahaifinka ne zai buɗe, ya tsaya a kansa, ya duba ya mayar. Ta tsakiya ba ta buɗuwa sai Liman ya tako da ƙafarsa. Kuma duk wanda aka buɗe dominsa sai ya dangwala yatsa a wani littafi, Malam ya rubuta ranar.

Na sha yi masa tsiya. Na ce, "Malam, wannan gwangwanin naka ya fi fadar Kano tsaro." Ya ce, "Dije, ni kaina ban yarda da kaina a kan duka ukun ba, balle wani."

Shekarar sanƙarau ta ɗauke shi, kana aji biyu a makarantar kwana. Bayan wata bakwai Liman ma ya bi shi. Da aka zo naɗa sabon Liman, iyalan tsohon suka aiko mini da mukullin tsakiya. Abin da ya kamata, in tashi in kai wa sabon Liman. Ban kai ba. Ba wani mugun nufi, ƙyuya ce. Na ga duk lokacin da za a buɗe sai an aika masallaci, a jira, ni kuma ga daka ga ɗiban ruwa ga awaki. Na samu zare na zura duka ukun na rataya a wuya. Littafin dangwale kuma na daina fito da shi, tunda lokacin ko baƙi ɗaya ban sani ba. Daga baya ma na yi ta yagar takardunsa ina ƙulla gishiri.

To ka ji na farko. Abin da aka raba, kada ka haɗa shi wuri ɗaya don sauƙinka. Wahalar nan ta jira da aike da neman wane, ita ce tsaron. Ranar da ka ji aikin ya yi maka sauƙi ƙwarai, kowa na buɗewa ba ya nemanka, ka tashi ka duba, ka ɓata wani abu. Kuma wannan da ka ce kwamfutar na rubuta sunan duk wanda ya shiga da abin da ya taɓa, kada ka yarda wani ya samu ikon kashe shi. Ko kai.

Sai Idi. Yayanka Idi, ɗan wan mahaifinka, wanda kake cewa ya fi kowa kirki a dangi. Ba ƙarya ka yi ba, yana da kirki. Shi ya gyara mini rufin ɗaki da damina ta karya shi. Shi ya riƙa kai ka tashar Aujara a keke in za ka koma makaranta. A lokacin shi ne magatakardan dagaci, don haka yana da hurumin duba durowar sama, ita kaɗai, kuma ina tsaye. Da farko haka muke yi. Wata rana ya zo ina tsakiyar tuƙin tuwo, ya ce, "Inna, miƙo kawai, kada tuwonki ya yi gudaji." Na cire zaren gaba ɗaya na miƙa masa. Kwance mukulli ɗaya daga zare ba zai ɗauke ni tsawon salati ba, amma na ji nauyin ya ga kamar ban yarda da shi ba. Daga ranar ya zama al'ada. Har ta kai in ya karɓa sai ya kwana biyu bai dawo da shi ba.

Na biyu ke nan. Mutum ya zo neman abu ɗaya, ka ba shi abu ɗayan. Kada ka ce ai ba zai taɓa sauran ba. Wataƙila ba zai taɓa ba shekara biyar. Amma ka sa masa a aljihu, kuma akwai ranar da wani zai zo ya roƙe shi, kamar yadda shi ya roƙe ka.

Bayan shekara biyu suka saɓa da dagaci, aka cire shi aka sa wani. Ka ga daga ranar ba shi da abin yi da ko durowar sama. Sabon magatakarda ya zo ya gaishe ni, yaro mai ladabi, na riƙa buɗe masa ina tsaye. Amma Idi bai daina zuwa karɓar zaren ba. Yau ya ce wane ya aiko shi, gobe ya ce zai duba wa wance iyakar gonarta. Na san ba daidai ba ne. Sau biyu na shirya zan ce masa a'a, in na ga fuskarsa sai in tuna rufin ɗakina, in cire in miƙa.

Wannan shi ne na uku, kuma kai ma ka faɗe shi da bakinka kana zane a ƙasa, ka ce kujera ake ba izini ba mutum ba. Ka iya faɗa, saura yi. Ranar da mutum ya tashi daga kujera, ranar za ka zare masa, kafin ka yi sallar azahar. Kada ka bari sai gobe don yana cikin baƙin ciki. Ka je ka yi masa jaje da bakinka, amma ka zare. Alherin da mutum ya yi maka, ka rama masa da abinka, ka ba shi rigarka, ka yi masa noma, ka yi jinyarsa. Takardun mutane ba naka ba ne da za ka yi godiya da su.

Yanzu Talatu. Kai ka san ta a matsayin matar da ta bar gari, kana makaranta aka yi abin, da ka dawo hutu ka tambaya na ce maka ta koma wajen gwaggonta. Talatu maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya. Mijinta na fari Garba ne, ya sake ta saki uku tun Malam na da rai. Garba bai iya rubutu ba, Malam ya rubuta, Garba ya dangwala, Liman ya shaida. Ina bakin ƙofa na ga Talatu ta yagi bakin zanenta, wani shuɗi mai ɗigo-ɗigo, ta ɗaure takardar da shi don ta gane ta. Ta ce, "Malam, a ajiye mini nan, in na kai gida ɓera zai cinye." Aka sa a durowar tsakiya. Garba ya tafi kudu. Ta yi iddarta, bayan shekaru ta auri Musa tela, mutum mai sanyin hali, suka samu 'ya mace. Ni na yanke mata cibi.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a Garba ya dawo hannu biyu babu komai. Ya tarar mahaifin Talatu ya rasu ta gaji fadama mai kyau, Musa na noma rake a ciki. Sai ya kai ƙara, ya ce shi bai taɓa sakin matarsa ba, tafiya ya yi ya dawo ya tarar da ita a ɗakin wani har da 'ya. Ka san abin da wannan magana ke nufi a lokacin. Shaidu biyu, Malam da Liman, duk suna ƙasa. Talatu ta shigo gidan nan da safe da goyo, ko a jikinta, har tana dariya. Ta ce, "Inna Dije, buɗe mini in ɗauko in kai musu, mahaukacin nan ya manta ya dangwala."

Na buɗe. Muka fito da komai muka baza a tabarma. Muka duba sama da ƙasa, muka jawo durowar muka leƙa bayanta. Babu mai shuɗin ƙyalle. Ta dube ni ta ce, "Wa ya buɗe?" Na ce babu kowa.

Da la'asar na je gidan Idi na same shi yana ba tumaki dusa. Ban ko yi sallama ba. Na ce, "Ina takardar Talatu?" Bai musa ba. Ya ce Garba ya zo masa ya ce yana son ya ga takardar, tunda yatsansa ne a kai, zai duba kwanan wata ya dawo da ita. Ya ce, "Inna, tare muka yi kiwo da shi, ta yaya zan hana shi ganin abinsa?" Na ce to je ka karɓo. Ya ce ya je, Garba ya ce wace takarda. Sai ya durƙusa ya kama ƙafata. Ya ce in na faɗa, shi za a kama, 'ya'yansa shida, kuma sunan gidan Malam ne zai ɓaci. Ya ce ai alƙali zai gane ƙaryar Garba ko ba takarda.

Aka kira ni kotu. Alƙalin bai zalunci kowa ba, wannan kada ka ɗora masa. Ya tambaye ni a hankali. Ya ce, "Baiwar Allah, kin ga takardar?" Na ce na ga an ɗaure wata takarda an sa. Ya ce, "Kin karanta abin da ke ciki?" Na ce ban iya ba. Ya ce akwai littafin da ake rubuta abin da ya shiga da wanda ya buɗe? Na ce da akwai, yanzu babu. Sai ya ce, "Tun bayan rasuwar Liman, ban da ke, akwai wanda mukullin nan ya taɓa shiga hannunsa?" Idi yana zaune a benci na baya. Talatu tana gefena, 'yar tana jan ɗankwalinta. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, babu."

Ka gane abin da na yi? In mukulli bai taɓa barin wuyana ba, kuma takarda ba ta ciki, to ba a taɓa sa ta ba ke nan. Da bakina na mai da Talatu maƙaryaciya. Da na ambaci Idi, da an kira shi an ɗora masa Alƙur'ani, kuma na san shi, ba zai iya rantsuwa a kan ƙarya ba. Garba ya iya. Ya yi alwala ya rantse. Aka raba aurenta da Musa. Ba a yi mata haddi ba, alƙali ya ce akwai shubuha, amma gari ya yi mata nasa. Mata suka daina karɓar tulunta a bakin rijiya. Ta ƙi komawa ɗakin Garba, sai da ta bar masa fadamar ya rabu da ita, a karo na biyu. Musa ya rufe shago ya tafi, har yau ban san inda yake ba. Ranar da za ta bar gari ta leƙo ta katanga, ta ce, "Inna Dije, ni dai na san na ba Malam." Ba ta zage ni ba. Na so a ce ta zaga.

Ta tafi wajen gwaggonta a ƙasar Haɗeja. Bayan shekara biyu aka aiko ta rasu, wai ciwon ƙirji. Yarinyar tana can. An ce har yanzu yara in sun yi faɗa da ita suna tambayarta waye ubanta. Bayan rasuwar ne na shiga yaƙi da jahilci, da furfurata, ana yi mini dariya. Na koyi karatu lokacin da ba sauran abin da zan karanta ya yi amfani. Mutane kuma suka zo ɗaya bayan ɗaya suka kwashe takardunsu. Kabad ɗin ka gan shi, kaji ke ƙwai a durowar ƙasa.

To ka dawo kan Alhaji Sabo. Ban ce mugu ba ne. Ban san shi da komai ba sai alheri, ya zo gaisuwar mahaifinka, ya tuna da kai bayan shekara goma. Idi ma ba mugu ba ne. Ni ma da za ka tambayi gari a lokacin, cewa za su yi Dije mai amana ce. Mugu ɗaya ne a labarin nan, Garba, kuma shi bai taɓa riƙe mukulli ba. Mu masu kirki muka miƙa masa hannu zuwa hannu. Kai ba ka san wanda zai zo wa Alhaji ba. Ba ka san ko a cikin wasiƙun nan akwai wadda wani ƙaramin ma'aikaci ya rubuta ya ce kada a yi abu kaza, aka yi, kuma ranar bincike ita kaɗai ce za ta fitar da shi. Ba za ka taɓa ganin fuskarsa ba. Ni na ga ta Talatu, kuma bai hana ni ba, balle kai da sunaye kawai za ka gani a gilashin kwamfuta.

Ga abin da za ka yi. Ka je ofishinsa da kanka, kada ka yi ta waya. Ka durƙusa ka gaishe shi yadda ka saba. Ka ce, "Alhaji, kujerarka ba ta cikin masu wannan izini, ni kuma ba ni da ikon ƙara ta. In akwai wasiƙar da kake nema, ka rubuto, wanda aikinsa ne ya nemo maka." In ya ce dole, ka ce a rubuto daga sama da sa hannu, kowa ya gani. Mai neman abu don Allah ba ya gudun a rubuta. Zai ji haushi. Zai iya ce maka butulu, zai iya aikowa gida a gaya mini. In ya aiko ni zan amsa.

Ikon gogewa kuwa, kada ya zauna a hannun mutum ɗaya. Ka sa sai biyu sun haɗu, kuma kada su zama abokai ko 'yan gari ɗaya. Wanda ke karantawa kada ya zama shi ke fitarwa. Kai kanka da kake raba wa mutane, ka nemi a sa wani ya riƙa duba bayanka, ka ce ni na ce. Kada ka buɗe wasiƙar kowa don ka ga abin da ake cewa a kanka, ko sau ɗaya, don in ka fara ba ka dainawa. In kuma ka riga ka yi kuskure, ka ba wanda bai kamata ba, aka zo aka tambaye ka, ka faɗa a tambayar farko. Duk kurakuraina na baya ana iya gyara su har zuwa safiyar da na tsaya gaban alƙali. Kalma ɗaya ta rufe.

Ka ce aikin nan shekara uku ka yi kana nema. Na sani, ni na riƙa ganinka kana dawowa daga Dutse da takardu a leda. In ƙin da za ka yi ya sa an kore ka, ka hau mota ka dawo. Gonar mahaifinka tana nan, gero bai ƙare a rumbu ba, ba wanda ya taɓa mutuwa a gidan nan don an kore shi aiki. Zan tare ka a bakin hanya. In kuwa ka ba shi, aikinka ya zauna, ka yi ƙiba, to kada ka aiko mini da komai daga cikinsa, ba zan ci ba.

Ni ma na yanke tawa. Ranar Juma'a mai zuwa zan hau mota in je ƙasar Haɗeja wajen gwaggon Talatu, in tana raye, in faɗa a gaban mai unguwarsu da limaminsu cewa takardar nan an rubuta ta, na gan ta, kuma ni na yi ƙarya. Na gaya wa Idi jiya, na ce ko ya bi ni ko in ambace shi ba ya nan. Ya yi kuka. Ban tsaya lallashi ba. Ba zai dawo da Talatu ba, amma yarinyar za ta samu amsar da za ta ba yara. Abin da za a yi mini a can, a yi.

Za ka ji wani abu mai tauri a cikin takardar nan, naɗe a tsumma. Mukullin durowar tsakiya ne. Ba ya buɗe komai yanzu. Ka ajiye shi a teburinka inda idonka zai riƙa faɗa masa, ranar da wani mai kirki zai tsaya a kanka ya ce miƙo kawai.

Allah ya tsare ka a garin da ba ka da kowa. Ya tsare ka daga mugu, ya tsare ka daga jin nauyin wanda ya yi maka alheri. Ya jiƙan mahaifinka, ya jiƙan Talatu. Ni kuma ka roƙa mini gafara in ka yi salla. Kada ka bar kukar a leda, za ta yi gumi, ka juye ta a gwangwani.

Wassalam.

Mahaifiyarka.